Fi'es Ko Pi'es? Darasi a Kan Yadda Harshe Ke Karɓar Baƙon Suna

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwannin Samaru bayan sallar la'asar, ko kuwa ya kutsa cikin layukan Sabon Gari na Zariya, da wuya ya fita bai ci karo da wani ɗan shago ba wanda aka jera bencina a cikinsa, an kafa akwatunan talabijin, ga ƙaramin janareta yana ruri a bakin ƙofa. Irin wannan wuri shi samari ke kira gidan gem. A nan yara da matasa kan biya 'yan kuɗi su buga wasan ƙwallo ko na faɗa a jikin allon talabijin, ta hanyar wata na'ura da aka jona masa.

Idan mai karatu ya tsaya ya kasa kunne na ɗan lokaci, zai ji wani abin mamaki. Na'urar ɗaya ce, amma sunanta ya kai huɗu ko biyar. Wani zai ce Fi'es, wani ya ce Pi'es, wani Filesteshan, ɗalibin da ya zo karatu daga Maraɗi kuwa ya ce Pe'es. Sau da yawa abin kan zama na dariya, har a sa wani a gaba ana kwaikwayon bakinsa, ana ce masa baƙauye. Akwai yaran da irin wannan ba'a ta sa suka daina buɗe baki a cikin aji, don gudun kada a ji yadda suke furta kalmar Ingilishi.

To, wa ya yi daidai a cikinsu? Ilmin furuci da na tsarin sauti suna da amsa, kuma amsar ita ce maƙasudin wannan darasi. Za mu ga cewa bambancin yana da dalilai guda uku: sautukan da harshen uwa ya tanada wa mai magana, yadda harshen ke gina gaɓoɓinsa, da kuma hanyar da sunan ya biyo kafin ya iso kunnensa.

Na'urorin da Sunayensu

Kafin mu shiga furuci, ya kamata mu san masu sunayen. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan an kafa shi ne a birnin Kyoto a 1889, kuma da katin wasa ya fara. A 1983 ya fitar da na'urar da ya kira Famicom, wadda aka kai Amurka a 1985 da sunan NES. Kamfanin Sega ya fitar da Mega Drive a 1988. Kamfanin Sony ya shigo fagen a watan Disamba na 1994 da PlayStation, wadda ake taƙaita sunanta da harrufa biyu, PS. Ta biyu a jerin, wato PS2, ta fito a shekarar 2000, an kuma sayar da fiye da guda miliyan 150 a duniya. PS3 ta biyo baya a 2006, PS4 a 2013, sannan PS5 a 2020. Kamfanin Microsoft na Amurka shi ma ya fitar da Xbox a 2001.

A kan waɗannan na'urori, babu wasan da ya kama zukatan matasanmu kamar na ƙwallon ƙafa. Akwai FIFA, wanda kamfanin EA Sports ya fara fitarwa a 1993, ya kuma sauya masa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Akwai kuma PES na kamfanin Konami, wanda aka mayar eFootball a 2021. Ko da yake an sauya sunayen, har yanzu a gidajen gem za ka ji ana cewa a sa Fifa ko a sa Fes.

Mai karatu ya lura da cewa sunayen nan sun kasu gida biyu. Wasu, kamar Nintendo da Sega da Konami, babu wanda ke tuntuɓe wajen faɗinsu. Wasu kuma, kamar PlayStation da Xbox, kowa da yadda yake fama da su. Wannan rabuwa tana da dalili, kuma za mu dawo kanta.

Samaru da Sabon Gari

Zariya wuri ne da ya dace ƙwarai da irin wannan nazari, domin tarihi ya tara mata bakuna iri-iri. Sabon Gari ya kafu ne bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya wajen 1911, lokacin da ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka zo suka zauna. Har gobe Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawa suna cuɗanya a kasuwarsa, kuma ana jin Hausa da Ingilishin buroka kafaɗa da kafaɗa. Samaru kuwa ta bunƙasa ne da tashar binciken aikin gona, sannan da Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka buɗe a 1962. Jami'ar ta janyo ɗalibai daga kowane lungu na Nijeriya da maƙwabta, har da Nijar da Kamaru da Cadi.

Ke nan a gidan gem guda za a iya samun Bazazzagi da Basakkwace da Bayarabe da ɗan Tibi da Bamaraɗe a kan benci ɗaya. Kowannensu ya taho da kayan aikin da harshensa na farko ya ɗora masa tun yana goye. Bari mu buɗe kayan mu gani.

Darasi na Farko: P da F da V

Kowane harshe yana da adadin sautukan da yake bambanta ma'ana da su, waɗanda masana ke kira ƙwayoyin sauti. A Hausa, idan ka sauya b da ɓ ka sauya ma'ana: bari daban, ɓari daban. Haka nan k da ƙ, ko d da ɗ, kunnen Bahaushe ba ya ruɗa su. Amma Bature da ke koyon Hausa kan sha wahala kafin ya ji wannan bambanci, saboda harshensa bai horar da kunnensa a kai ba.

Irin wannan ne ke faruwa ga Bahaushe dangane da p da f. A Ingilishi sautuka biyu ne masu bambanta ma'ana. Ana furta p ta hanyar haɗe leɓɓa a tare iska gaba ɗaya, sannan a sake ta da ƙarfi. Irin wannan sauti shi ake kira tsayau. Ana furta f kuwa ta hanyar ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, iska tana kurɗawa tana zuza. Shi kuma ana kiransa zuzau. A Hausa ƙwayar sauti ɗaya ce tak a wannan gurbi, wadda muke rubutawa da f. Yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke furta ta, ba tare da haƙora ba, kamar mai hura wuta a hankali. Ta yi kama da p domin leɓɓa biyu ne ke aiki, ta kuma yi kama da f domin iska ba ta tsayawa. Wani lokaci ma leɓɓan kan haɗe sosai har ta fito kamar p, ba tare da ma'anar kalma ta sauya ba.

Wannan ne dalilin da ya sa yawancin kalmomin aro masu p da suka shigo Hausa suka koma f. Dubi fasinja da fensir da fakiti da farfesa da fursuna, da sunayen wurare irin su Filato da Fatakwal. Babu wanda ya taɓa cewa waɗannan kuskure ne, domin sun daɗe da zama Hausa. Fi'es bin sawunsu kawai ta yi.

Wannan ne kuma ya bayyana wani abin da ake yawan yi wa Hausawa ba'a a kansa, wato a ce sun mai da Fifa ta koma Pipa. Abin da ke faruwa shi ne, Bahaushe ya furta sautinsa na leɓɓa biyu, shi kuwa mai sauraro, wanda kunnensa ya saba da rabe p da f, sai ya rasa inda zai ajiye abin da ya ji. Idan ya sa ran jin f sai ya ji kamar p, idan ya sa ran jin p sai ya ji kamar f. Rabin ruɗanin a kunnen mai ji yake.

Har a cikin Hausa kanta akwai bambanci. A karin harshen Yamma, wato Sakkwato da wasu sassan Katsina da Maraɗi, inda Bakano zai ce fari da fita da fili, su hwari da hita da hili suke cewa. Saboda haka idan dattijo Basakkwace ya kama sunan Fifa da tsantsar karinsa, abin da zai fito zai yi kusa da Hihwa.

Sautin v shi ma babu shi a Hausa. A tsakiyar kalma yakan koma b, kamar a talabijin da direba, haka ma a farkonta, kamar a bidiyo. A ƙarshen kalma kuwa yakan rasa zizarsa ya koma f. Shi ya sa sunan PS5 ya zama jarrabawa ta musamman, domin ya tara sautukan uku duka, Bahaushe kuma ya daidaita su ya ce Fi'es faif.

Sunan PS3 ya fito da wani bambancin. Lambar uku a Ingilishi tana farawa da sautin da ake furtawa da tsinin harshe a tsakanin haƙora, wanda babu shi a Hausa, babu shi a Yarabanci, babu shi a harshen Ibo. Masu nazarin Ingilishin Nijeriya, cikinsu har da Munzali Jibril a bincikensa na 1982, sun nuna cewa Hausawa sun fi maye gurbinsa da s, mutanen Kudu kuwa da t. Don haka siri da tiri duk ƙoƙari ne na kamo sauti guda wanda babu ɗayansu da ya gada. A Sabon Gari, inda cuɗanya ta yi yawa, yaran Hausawa da dama sun ɗauki tiri daga abokan wasansu.

Kada kuma a ɗauka cewa Hausa ce kaɗai ba ta da p irin ta Ingilishi. Harafin p a rubutun Yarabanci yana wakiltar wani sauti ne daban, wanda ake furtawa da leɓɓa da bayan harshe a lokaci guda, kamar an haɗa k da p. Kowane harshe da gurbin da ya bari a buɗe.

Darasi na Biyu: Ginin Gaɓa

Abu na biyu shi ne tsarin gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar gaɓar farko a kalmar gida. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar a rana da kai. Akwai kuma baƙi da wasali da baƙi, kamar gaɓar farko a kalmar karfe ko ganga. Daga nan dokoki biyu suka fito. Ta farko, baƙaƙe biyu ba sa cunkushewa a farkon gaɓa. Ta biyu, ba sa cunkushewa a ƙarshenta.

Yanzu sai mu auna sunayen da wannan ma'auni. Nin-ten-do gaɓoɓi uku ne, kuma kowace ta yi daidai da tsarin Hausa. Haka Se-ga, haka Ko-na-mi. Dalili shi ne harshen Japananci ma gaɓoɓinsa galibi baƙi da wasali ne, sai ɗan hanci da kan rufe wasu. Shi kansa sunan Sega an gina shi ne daga harrufan farko na kalmomin Ingilishi biyu, Service Games, amma ya fito da siffar da bakin Bajapane da na Bahaushe duk suka yarda da ita.

PlayStation kuwa ta karya doka tun daga farkonta, inda p da l suka haɗu babu wasali a tsakani. Hausa tana da hanyoyi biyu na warware irin wannan matsala. Hanya ta farko ita ce saƙala wasali a tsakanin baƙaƙen, kamar yadda aka yi a burodi da direba da sito da sikeli da sitiyari. Ta wannan hanya aka sami Fi-les-te-shan. A lura da hikimar da ke ciki: an saƙala wasali bayan f, amma ba a buƙaci saƙala wani bayan s ba, domin s ta koma ta rufe gaɓar da ta gabace ta. Wasu kan ƙara shi duk da haka su ce Filesiteshan.

Hanya ta biyu ita ce shafe ɗaya daga cikin baƙaƙen. A nan akwai wani abin sha'awa. Rabin sunan na biyu ba baƙo ba ne a Hausa, domin kakanninmu sun riga sun are shi tun zamanin zuwan jirgin ƙasa. Kalmar Ingilishi station ita ce ta zama tasha: an yar da s ta farko, an yar da n ta ƙarshe. Da a ce na'urar ta zo a 1911, da wataƙila Filetasha za a riƙa kiranta. Bambancin tasha da steshan ya nuna tazarar da ke tsakanin waɗanda suka ari kalma da kunne kawai, da jikokinsu da suka yi makarantar boko suka san ta a rubuce.

Xbox ta fi tsanani, domin harafin x sautuka biyu ne a haɗe, k da s, ga shi kuma ya zo sau biyu. A tsakiyar sunan baƙaƙe uku ne a jere. Masu saƙala wasali kan ce Ekisbokis, masu shafewa kuma su ce Esbos. Su ma na biyun suna da madogara, domin ta wannan hanya ce kalmar taxi ta zama tasi.

Akwai wata doka kuma da ta shafi kalmar gem kanta. Hausa ba ta barin dogon wasali a cikin rufaffiyar gaɓa, sai ta gajarta shi. Wasalin kalmar a Ingilishi mai tsawo ne, amma da yake m ta rufe gaɓar, dole ya gajarce. Haka nan babu gaɓar Hausa da ke farawa da wasali tsagwaronsa, kullum akwai hamza a gabansa ko da ba a rubuta ta ba. Ita ce ƙaramar tsayawar da ake ji a tsakiyar Fi'es, irin wadda ke cikin sana'a da jama'a.

Darasi na Uku: Karin Sauti

Ingilishi harshe ne mai danna wata gaɓa fiye da sauran, Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, inda kowace gaɓa ke ɗauke da sautin sama ko na ƙasa ko faɗau. Idan kalma ta shigo daga Ingilishi, gaɓar da ake dannawa galibi takan sami karin sama, wadda ke biye da ita a ƙarshe kuma ta sami na ƙasa. Faɗi direba ka ji: ƙasa, sama, ƙasa. Yanzu faɗi Nintendo, za ka ji waƙar iri ɗaya ce. Tebur da Sega su ma tafiyarsu ɗaya, sama sannan ƙasa. Kalma mai gaɓa ɗaya kuwa, kamar bas da gem, takan ɗauki faɗau. Yaron da bai taɓa shiga ajin nahawu ba yana bin waɗannan dokoki ba tare da ya san yana bin su ba.

Taƙaitattun Sunaye: A Jera Harrufa Ko a Karanta?

Sunayen da aka gina daga harrufan farko na kalmomi suna da hanyoyin faɗi biyu. Ko dai a kira harrufan ɗaya bayan ɗaya, ko a karanta su a matsayin kalma. A Nijeriya muna da misalan duka biyun. BBC harrufa muke jerawa mu ce Bibisi. Amma hukumar lantarki ta NEPA, wadda aka kafa a 1972, kalma muka mai da ita muka ce Nefa, kuma ko da yake PHCN ta gaje ta a 2005, har yau idan wuta ta ɗauke Nefa ake ambata. Sunan da ya zauna a baki ya fi wanda ke kan takarda tsawon rai. Haka WAEC ta zama Wayek, JAMB ta zama Jam.

Abin da ke yanke hukunci galibi shi ne ko harrufan za su iya gina gaɓoɓi. FIFA, wanda asalinsa sunan hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ne da aka kafa a Faris a 1904, baƙi ne da wasali, baƙi da wasali, don haka karanta shi ake yi. PES ma gaɓa ce cikakkiya. PS kuwa ba ta da wasali, dole a jera.

Sai dai al'ada takan fi ƙarfin wannan ƙa'ida. Ga misali nan a ƙofar gida. Harrufan ABU za su karantu cikin sauƙi, amma babu wanda ke kiran jami'ar Abu, kowa Ebiyu yake cewa. Ba mamaki, tun da abu kalma ce ta yau da kullum a Hausa, Abu kuma sunan mutane ne. Amma a laƙabin Ingilishi da ɗaliban jami'ar ke yi wa kansu, Abusite, sai ga harrufan an karanta su a matsayin kalma. Harrufa uku, faɗi biyu, a gari ɗaya.

Wani misalin shi ne unguwar PZ da ke kusa da Sabon Gari, wadda ta sami sunanta daga kamfanin ciniki na Paterson Zochonis. Ka tsaya a Kwangila ka saurari yaran mota suna kiran fasinja: wani Fizet, wani Pizet. Ga darasinmu na farko ya sake bayyana. Akwai kuma ƙari. Harafin ƙarshe na abajadin boko mutanen Ingila zed suke kiransa, Amurkawa kuwa zi. Da Amurkawa ne suka koyar da kakanninmu boko, da Fizi za a riƙa cewa.

Hanyar da Suna Ya Biyo

Wannan ya kawo mu ga dalili na uku. Ɗalibin Maraɗi da ya ce Pe'es Bahaushe ne kamar Bazazzagin da ke gefensa, tsarin gaɓarsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne makaranta. Shi ya koyi sunayen harrufa ne da Faransanci, inda ake kiran wannan harafi pe, abokinsa kuwa ya koye shi da Ingilishi, inda ake kiransa pi. Iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata ta ratsa har cikin abajadi.

Kuɗin Nijar shaida ne a kan haka. Harrufan CFA da sunayensu na Faransanci aka kira su, se da ef da a, suka dunƙule suka zama sefa. 'Yan canjin Nijeriya ma sefa suke cewa, domin ta bakin masu kuɗin sunan ya iso gare su. Haka abin rubutun nan da Hausawan Nijeriya ke kira biro, a Nijar bik ake ce masa. Duka biyun sunayen haja ne, ɗaya ya biyo ta hannun Ingilishi, ɗaya ta hannun Faransa.

Kamfanonin su ma sukan raba suna bisa ga kasuwa. Na'urar da Japan da Turai suka sani da Mega Drive, a Amurka Genesis aka kira ta lokacin da ta isa can a 1989. Yaran Zariya na wancan zamani sun huta da wannan gardama, domin sunan kamfanin kawai suka riƙe, suka ce Sega.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Wanda ke jin kunyar Filesteshan ya kamata ya ji yadda masu na'urar ke kiranta. Japanawa su ma ba sa cunkusa baƙaƙe, kuma ba su rabe l da r. Saboda haka a bakinsu sunan ya zama Pureisuteshon, wanda sukan taƙaita su ce Puresute. Sun saƙala wasali kamar yadda Bahaushe ya yi, har ma sun fi shi. Famicom ma taƙaitawa ce irin tasu, kuma na'urar da ta gaje ta a 1990, Super Famicom, sukan kira ta Sufami.

Larabci shi ma ba shi da p, sai dai Larabawa b suke sa wa a gurbinta, don haka a Alƙahira ko Jidda da b sunan yake farawa. Bahaushe ya riƙe rashin zizar p ya saki tsayawarta, Balarabe kuwa ya riƙe tsayawar ya ƙara ziza. Matsala ɗaya, mafita biyu.

Har masu Ingilishin kansu ba su daidaita ba. Na'urar SNES, wadda ta isa Amurka a 1991 da Turai a 1992, Amurkawa da yawa harrufanta suke jerawa, mutanen Ingila da yawa kuwa kalma suke mai da ita su ce Snez. An daɗe ana wannan muhawara a tsakaninsu. Kamfanin Nintendo ya san da irin wannan matsala, shi ya sa da ya fitar da Wii a 2006 ya bayyana cewa ya zaɓi ɗan gajeren suna ne wanda masu kowane harshe za su iya riƙewa ba tare da an taƙaita shi ba.

Wa Ya Yi Daidai?

Amsar ta danganta ga harshen da ake magana da shi. Idan mutum yana magana da Hausa, Fi'es da Filesteshan Hausa ce ingantacciya, daidai da fasinja da tasha, kuma babu dalilin karkace baki a tsakiyar jimla don a burge wani. Idan kuwa yana magana da Ingilishi, to yana da amfani ya koyi rabe p da f da v, domin a can suna bambanta ma'ana, kuma akwai jarrabawar furuci da ganawar neman aiki a gabansa. Koyon abu ne mai yiwuwa, kamar yadda baƙo kan koyi ƙ da ɗ da ɓ idan ya dage. Abin da ilmi bai yarda da shi ba shi ne a ɗauki furucin mutum a matsayin ma'aunin basirarsa. Malaman makaranta musamman ya kamata su kiyaye: gyara daban, muzantawa daban. Yaron da aka nuna wa inda zai ɗora haƙoransa zai gyara cikin mako guda, wanda aka yi wa dariya kuwa yana iya yin shiru shekara guda.

Gwaje-gwaje Don Mai Karatu

Na ɗaya, riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, ka haɗe leɓɓa sosai ka furta pi da ƙarfi. Takardar za ta yi tsalle sau ɗaya. Sannan ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka ja sautin f. Takardar za ta riƙa kaɗawa a hankali. Yanzu faɗi kalmar fari kamar yadda ka saba, ka dubi madubi ka ga ko haƙoranka sun taɓa leɓe.

Na biyu, ɗora yatsa a kan maƙogwaronka ka ja sautin s, sannan ka ja z. Karkarwar da ka ji a na biyun ita ce ziza. Irin wannan bambanci ne ke tsakanin f da v.

Na uku, a 2017 kamfanin Nintendo ya fitar da na'ura mai suna Switch. Yi amfani da dokokin gaɓa da muka koya, tare da misalan benci da inci da coci, ka yi hasashen yadda sunan zai zauna a bakin Bahaushe. Bayan haka ka je gidan gem mafi kusa ka saurara, ka gani ko hasashenka ya yi daidai.

Na huɗu, tara taƙaitattun sunaye goma da ake amfani da su a unguwarku, na hukumomi ko na makarantu ko na unguwanni. Raba su gida biyu, waɗanda ake jera harrufansu da waɗanda ake karantawa, sannan ka tambayi wani dattijo da wani matashi su faɗe su, ka rubuta inda suka bambanta.